Daga doki zuwa babur: yini guda tsakanin Tibiri da Maijirgi

Duk wanda ya karanta tarihin kudancin jahar Maraɗi zai ga cewa abin hawa ne ya daɗe yana yanke hukunci a karkararmu. A ƙarni na 19 mai doki shi ke da daji, shi ke cewa wane ƙauye zai kwana lafiya, wane kuma zai wayi gari toka. Yau babur ya gaji doki a wannan matsayi. Shi ke kai mai naƙuda likita, shi ke kai buhun wake kasuwa, kuma shi ɓarayin daji ke hawa su faɗa wa gari da tsakar dare. Wannan ne ya sa nake ganin babu hanyar karanta tarihin yankin nan da ta fi a hau babur a bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, a ga tazarar da ke tsakaninsu, a ji ta a ƙugu da kafaɗa. Gani ya kori ji.

Mu tara muka yi tafiyar, bayan an gama girbi, hunturu ya fara busawa. Akwai malaman lakwal biyu, da mai gyaran babura wanda muka ɗora wa ɗaukar kayan faci da famfo, sauran kuma ƴan kasuwa ne. Tsarin shi ne mu fara da Tibiri da sassafe, mu dawo ta Maraɗi, mu miƙe gabas ta Caduwa, Agye, Gazawa da Tasawa, mu tsaya a Maijirgi kafin rana ta faɗi. Kwana biyu kafin tashi sai da muka buga waya ga sanayya a kowane zango, muka ce su shaida wa masu gari cewa baƙi na tafe a kan babura, kuma na lafiya ne. Shekaru ashirin da suka wuce ba wanda zai yi tunanin yin haka. Zan dawo kan dalilin.

Tibiri ba ta da nisa da Maraɗi, ko shayin safe bai gama sauka ba muka iso. Amma wannan ƴar tazara tana da ma'ana. Gobirawa ba a nan birninsu yake ba tun asali. Alkalawa ce hedikwatarsu, can yamma a ƙasar da yau take cikin Nijeriya, kuma a 1808 rundunar jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ci ta, Sarkin Gobir Yunfa ya faɗi a wurin. Gidan sarautar ya yi shekaru yana gantali daga wannan zango zuwa wancan, yana neman inda zai kafa ƙafa. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa suka haɗa kai suka tari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Bello ya yi musu mummunan kaye. Sarkin Gobir Ali ya mutu a filin, haka ma Sarkin Maraɗi Rauda. Waɗanda suka tsira su ne suka taru ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tibiri a bakin Gulbin Maraɗi, dab da abokan ƙawancensu.

Da muka tsaya a ƙofar fada na duba agogo. Mai doki mai sauri, in an buga tambari a Maraɗi da hantsi, zai iso nan rana ba ta take ba. Kusancin ba haɗari ba ne. Masarautu biyu da aka kora daga gidajensu sun zauna kafaɗa da kafaɗa don duk wanda aka taɓa, ɗayan ya ji. Har gobe Tibiri na riƙe da tsarin da ta taho da shi daga Alkalawa, da majalisar Tara ta Gobir mai zaɓen sarki, da sarautar Inna.

Labarin Maraɗi ma haka yake. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarkin lokacin, Magajin Haladu, ya ƙare a Ɗankama. Ɗan Kasawa ya ja ragowar mutanen gidan sarauta suka nufi Damagaram, suka yi shekaru suna zaman baƙunta. Maraɗi a lokacin ƙaramin gari ne na ƙasar Katsina, cikin kurmin fadama. Mutanen yankin suka tayar wa wakilin sabuwar hukuma, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna wajen 1819. Shi ya sa har yau sarkinmu Sarkin Katsina ne, kuma Ƙaura, Galadima, Ƴanɗaka da Durbi suna nan a fadarsa kamar yadda suke a tsohon birni. Gwamnati ce sukutum ta yi gudun hijira, da muƙamanta da tamburanta.

Mun gangara ƙasan gari don mu ga inda tsohuwar Maraɗi take. Wanda ke neman ganuwa ko ƙofofi zai sha mamaki, gonaki da lambuna zai tarar. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye garin, Turawan Faransa suka maida mutane kan tudu, suka yanka unguwanni da tituna a miƙe. Maraɗin da muke yawo a cikinta yau ba ta kai shekara ɗari ba. Garin da ya yi kusan ƙarni guda yana jure wa dawakin Sakkwato da na Katsina, ruwa ne ya tashe shi.

Daga nan hanya ta rabu. Ta kudu ita ke zuwa Madarunfa da Ɗan Isa, ta tsallaka iyaka zuwa Jibiya da Katsina. Da son ranmu ne da mun bi ta, mu ga tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, mu zarce ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi. Mun cire wannan ɓangare daga tsarinmu tun a gida. Babura tara a jere, a wancan yanki, a wannan zamani, ko dai su firgita mutanen ƙauye ko su jawo hankalin waɗanda ba ma son haɗuwa da su.

Ita wannan hanyar da ba mu bi ba ita ce ta fi kowace nauyin tarihi. Ta nan dawakin Maraɗi suke bi su kai hari ƙasar Katsina, ta nan kuma ake biyo su da ramuwa. Bayan Gawakuke, Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, kuma a shekarun 1840 ya jagoranci wani babban bore a yankin Ruma, yamma da birnin Katsina. Aka murƙushe boren, garuruwa da yawa suka watse, gonaki suka koma daji. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan a littafinsa na tarihin Katsina. Wancan yankin da ya zama kufai shi ne dajin Rugu, wanda yau duk mai sauraron rediyo ya san sunansa a matsayin maɓoyar ƴan bindiga. Yaƙin kakanninmu ne ya share wurin daga mutane, kuma wurin da babu mutane babu hukuma, komai daɗewa wani zai zo ya shige shi.

Zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta sama da shekara ashirin a tsakiyar ƙarnin, shi ne ƙololuwar ƙarfin Maraɗi. Hare-harensa sun kai cikin ƙasar Kano da ta Zazzau. Mu Maraɗawa muna alfahari da shi, kuma da dalili, don ya hana a haɗiye ƙasarmu. Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta duka. Abin da rundunar ke dawowa da shi shanu ne da mutane. Manomin da aka kama a gonarsa a kudancin Katsina aka ɗaure shi a bayan doki, Bahaushe ne kamar wanda ya kama shi, kuma haka dawakin can suke yi wa ƙauyukanmu. Sarakuna na gwabzawa kan gadon sarauta, talakan ɓangarorin biyu ke biyan kuɗin. A 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun masu babura, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Shekara ɗari biyu bayan Ɗan Kasawa, ƙasar da ƴan gudun hijira suka ɗaukaka ta sake shimfiɗa wa ƴan gudun hijira tabarma, kuma daga gefen da na farko suka fito.

Muka juya gabas, muka hau babbar hanya mai zuwa Damagaram. Tsakanin Caduwa da Agye gonaki ne iyakar ganinka, karan hatsi a tsaye, rumbuna sababbin ɗauri, itatuwan gawo sun fara fitar da ganye kamar yadda suka saba in damina ta wuce. Tayar ɗayanmu ta yi faci, muka sauka daga kwalta muka gangara wani ƙauye da ba ya cikin waɗanda muka aika wa saƙo. Kafin mu kashe injuna, matan da ke bakin rijiya sun bar guga sun ja yara sun shige gida. Wani dattijo ne ya fito, carbi a hannu, ya tsaya nesa kaɗan. Muka cire hulunan kwano, babbanmu ya yi sallama ya rusuna.

“Baba, baƙi ne daga Maraɗi. Taya ce ta tsaida mu.”

Ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saki fuska. “To samari, kun taho lahiya? Ku yi haƙuri da mutanen gida. Da can in an ji ƙarar moto yara gudu suke su tarbe shi. Yanzu in ta wuce ta guda biyu, sai gaba ya hwaɗi.”

Ya sa aka kawo mana hura a ƙwarya. Ƙauyensu, in ji shi, ba a taɓa kai masa hari ba, labari ne kawai ke zuwa ta waya da bakin ƴan kasuwa. Tsoron ya riga ɓarawon isowa. Muna shan hurar ina tunanin kakan kakansa, wanda shi ma ƙila ya taɓa tsayawa a wannan wuri yana kasa kunne, yana ƙirga kofatai.

A Gazawa akwai shaidar wanda ya gani da ido. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya rabu da abokan tafiyarsa a Damargu. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya biyo ta Tasawa ya wuce Gobir da Maraɗi, shi kuma Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina. Ya tarar da Gazawa kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo, gari ne na bakin daga a ƙarƙashin Maraɗi. Daga nan zuwa Katsina daji ne da fatake ke tsoron ratsawa, sai an taru ayari guda, kuma a cikinsa ya wuce kufan Ɗankama. Abin da ya ɗauki ayarinsa kwanaki, mai babur yau zai yi shi kafin azahar in hanya na da lafiya. Dajin nan gatari da garma sun cinye shi. Inda mutane suka samu kwanciyar hankali suka yi noma, daji ya ja da baya, ƴan fashi ma suka ja da shi.

Mun yi sallar azahar a Tasawa, muka ci tsire a bakin tasha. Tasawa tsohon zango ne na ayarin Abzin, inda raƙuman gishirin Bilma ke sauka a yi musaya da hatsi. Sarautarta ta yanzu daga rikicin cikin gida na Maraɗi ta samo asali. A ƙarshen ƙarni na 19 fadar Maraɗi ta raunana, sarakuna na hawa suna sauka cikin ɗan lokaci, Ƙaura Hasau ya fi sarki ƙarfi. Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa da zama. A nan Faransawa suka same shi, kuma a nan suka fara ajiye kumandan na yankin kafin a maida mazaunin Maraɗi a 1927. Ƙasar da ta tsaya wa Sakkwato shekara tamanin, Nasara ya zo ya iske ta a rabe, bai sha wahalar shiga ba.

Yadda ya shigo kuwa, Maijirgi ce ke ba da labari. Mun isa da la'asar sakaliya. A wajen garin akwai kaburbura biyu na hafsoshin Faransa, Voulet da Chanoine. A watan Janairu na 1899 suka taso daga bakin kogin Kwara da sojoji ƴan Afirka da tarin ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da nufin kaiwa tafkin Cadi. Duk inda suka bi sai wuta. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙwanni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Suka ratso Gobir da ƙasar Maraɗi suna ƙone ƙauyuka, suna cika rijiyoyi da gawa, a Koran Kalgo har mata da ƙananan yara ba su bari ba. Labari ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta aka kashe shi, ya kuma shaida wa mutanensa cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu baya. Aka harbe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Pallier ya ɗauki ragowar rundunar suka wuce, kafin watan ya ƙare sun shiga Damagaram.

Mun daɗe a tsaye a wurin ba wanda ya ce uffan. Masu kisan suna da kabari da suna. Waɗanda aka kashe, daga Ƙwanni zuwa nan, sunayensu na bakin jikokinsu ne kawai, kuma jikokin tsufa suke. Yaro ɗan lakwal a Maraɗi zai iya kawo maka ranar da aka ci Bastil a Faransa, 14 ga Yuli, bai san abin da ya faru a Ɗankori a irin wannan rana ba, alhali tafiyar rabin yini ce daga gidansu.

Abin da ya biyo baya shi ya sauya amfanin hanyar. Faransa da Ingila suka zauna a 1904 da 1906 suka gyara layin da ya raba su, don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi daga kogi zuwa Damagaram, sannan tawagar Tilho ta bi tana kafa alamomi. Katsina ta faɗa gefe guda, Maraɗi gefe guda. Hari da doki ya ƙare, haraji da aikin tilas suka maye gurbinsa, kuma da wuyan talakawa aka share hanyoyin mota na farko har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, jikokin mahaya dawaki suka koma sayen gyaɗa da fatauci, daga cikinsu alhazan Maraɗi suka fito. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma kasuwancin iyaka ya ci gaba. Hanyar da Ɗan Baskore ke bi da mashi, aka koma bin ta da atamfa da goro da man fetur.

Babur ya shigo cikin wannan zaman ne a hankali. Da farko Mobylette da Vespa ne na ma'aikata da malaman lakwal. Da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka a 1984, aka yi kusan shekara biyu motoci ba sa wucewa, masu babura ne suka riƙa bin barauniyar hanya da mutane da kaya, kuma manya da yawa daga nan suke ƙirga yaɗuwar kabu-kabu a garuruwan iyaka. Bayan shekara ta 2000 baburan Sin da na Indiya masu araha suka cika kasuwa, irin su Kasea da Boxer, har ya zama saurayin ƙauye in ya yi ci-rani biyu ko uku zai iya sayen nasa. Doki na sarakuna ne da barade, talaka sai dai ya yi masa ciyawa. Babur shi ne abin hawa mai sauri na farko da talaka ya mallaka a tarihin ƙasar nan. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma shi ne ke cikin haɗari yanzu.

Domin duk inda tsaro ya taɓarɓare, matakin farko da hukuma ke ɗauka shi ne hana babur. An yi haka a Difa a 2015, an yi a Tilaberi a 2020, jihohin Zamfara da Katsina ma sun sa nasu takunkumin a 2021. Ana iya fahimtar dalilin. Sai dai ɓarawon daji ba ya neman izinin kowa kafin ya hau, wanda doka ke saukewa shi ne ɗan kabu-kabu, da mai kai madara gari, da mijin mai naƙuda. In hanya ta mutu kasuwar ƙauye ta mutu, in kasuwa ta mutu mutane su tashi, in sun tashi gona ta koma daji. Haka Ruma ta zama Rugu. Tarihin da muka bi a yini guda ya nuna akasin haka ma: dajin da ya tsorata Barth tsakanin Gazawa da Katsina, zaman mutane da noma da zirga-zirga ne suka kashe shi.

Shawarata ga matasanmu masu ƙungiyoyin babura a Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai ita ce su ci gaba da fita inda hali ya yi, da sanin hukuma da na masu gari. Su aika saƙo kafin su isa, su cire hular kwano su gaida dattawa, su zauna su tambayi wa ya kafa garin, daga ina ya zo, me ya koro shi. Su ɗauki muryar tsofaffi a waya tun suna da rai. Ƙauyen da ya saba ganin ayarin babura na alheri ba zai bar guga a bakin rijiya ba, kuma hanyar da mutanen kirki ke bi kullum tana da wuyar ƙwacewa. Su kuma masu mulki a ɓangarorin iyaka biyu, su tuna cewa dajin Rugu da na Baban Rafi ba su san alamomin Tilho ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma mafi alheri ka taya shi kashewa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare matafiya duk inda suka nufa.